Gardama, Taƙaddama ko Rikici: Yadda Ake Bambance Kalmomin Saɓani a Turanci

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, wata huɗu ke nan da na fara koyon fassarar labarai a wani gidan rediyo. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne kalmomin Turanci na saɓani da faɗa, irin su *argument*, *quarrel*, *dispute*, *conflict*, *clash*, *row*, *feud* da *controversy*. Duk wadda na duba a ƙamus sai in ga kusan abu ɗaya, ko rikici ko gardama. Shekaranjiya editana ya soke mini 'rikici' har sau uku a labari ɗaya, ya ce ba haka Baturen ya faɗa ba, amma lokaci ya ƙure bai yi mini bayani ba. Shin da gaske akwai bambanci, ko yawan kalmomi ne kawai? Kuma idan ni ne zan rubuta Turancin, yaya zan san wadda zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa aikinka albarka. Editanka yana da gaskiya, kuma wannan soke-soken da yake yi maka gata ne, ko da yake yanzu da zafi. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: ko waɗannan kalmomi sun bambanta da gaske, da kuma yadda mutum zai ɗauki ɗaya ya bar sauran, ko yana juya Turanci zuwa Hausa ko yana rubuta Turancin da hannunsa. Sun bambanta ƙwarai. Na yi shekaru ina fassarar labarai kafin in koma aji ina koyar da ita, kuma ban ga wani rukunin kalmomi da kuskure a cikinsa ke cutar da mutane kamar wannan ba.

Kafin mu shiga Turanci, tsaya ka saurari Hausarka. Idan aka ce maka malami da almajirinsa sun samu saɓani, ba za ka tashi da gudu ka je rabo ba. Idan aka ce ana cacar baki a bakin famfo, ka san murya ce ta tashi, hannu bai tashi ba tukuna. Idan aka ce gidan nan da wancan suna gaba, ka san babu ma hayaniya, ba gaisuwa ne, ba zuwa suna, ba zuwa jana'iza. Taƙaddamar gona daban, arangama da 'yan sanda daban, ce-ce-ku-ce a gari daban. Babu wanda ya zaunar da kai ya koya maka wannan, kunnenka ne ya ɗauka tun kana ƙarami. Shi ma Bature haka yake da nasa. Ƙamus mai harshe biyu layi ɗaya ko biyu yake ba kowace kalma, shi ya sa yake tattara su duka ya zuba a buhun "rikici". Ya nuna maka unguwar ne, gidan kuwa kai za ka nema.

Me ya sa suka yi yawa haka

Turanci gini ne mai hawa-hawa. A ƙasa akwai tsoffin kalmomin da mutanen Ingila suka gada daga kakanninsu, kamar *fight*. A 1066 mutanen Normandi daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen sarauta da na shari'a shekaru masu yawa, ya shigo da *quarrel* da *debate* da *strife*. Sannan malaman coci da lauyoyi suka ƙaro na Latin, irin su *conflict* da *controversy* da *altercation*. Mu ma haka aka yi mana. Muna da faɗa da musu da gaba, sai Larabci ya kawo mana husuma da muhawara da mujadala da adawa da fitina. Ka lura yadda "husuma" ke da ƙanshin zauren malamai da kotun alƙali, alhali "faɗa" na kowa ne. To haka na Latin suke a kunnen Bature: na takarda ne, na ofis, na rahoton 'yan sanda.

Sanin asali yana taimaka wa tunawa. Tushen *quarrel* kalmar Latin ce mai nufin ƙorafi ko koke. Tushen *dispute* yana nufin aunawa da lissafi. Tushen *conflict* yana nufin abu biyu su bugi juna, wato daidai da namu "cin karo". Amma kada ka sa asali ya zama alƙali a kan ma'anar yau, domin *debate* daga kalmar duka ta fito, ga shi yau ita ce mafi ladabi a cikinsu.

Daga zuci zuwa baki

Mafi sanyi ita ce *disagreement*, saɓanin ra'ayi. Ba ta buƙatar fushi, ba ta ma buƙatar mutanen su haɗu. Saɓanin malaman fiƙihu a kan wata mas'ala, Malikiyya su ce kaza Shafi'iyya su ce kaza, shi ne *disagreement* ko *difference of opinion*, kuma wanda ya fassara shi da *conflict* ya yi wa malaman ƙazafi. Sai dai Turawa, musamman na Ingila, suna da al'adar rage wa magana zafi. Jami'i yana iya cewa an samu *a slight disagreement* alhali an buga tebur an fice daga taro. Kai ka fassara abin da ya ce, "ɗan saɓani", ka jingina masa maganar, mai sauraro zai gane. 'Yar uwarta *dissent* kuma saɓa wa mafi rinjaye ne ko wa hukuma. A Disambar 2008, da Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke hukunci a ƙarar Muhammadu Buhari kan zaɓen Umaru Musa 'Yar'aduwa, alƙalai huɗu suka tabbatar da zaɓen, uku suka saɓa, cikinsu har da Mai Shari'a Aloma Mukhtar. Abin da ukun nan suka rubuta shi ake kira *dissenting judgment*, hukuncin marasa rinjaye. Babu rigima ko kaɗan a ciki.

*Argument* ita ce tarkon da ya fi kama ɗalibaina, domin fuska biyu gare ta. Idan Bature ya ce *they had an argument*, gardama ce ko sa-in-sa, wataƙila har da ɗaga murya. Idan ya ce *she made an argument*, hujja ta kafa, ta jero dalilai don ta gamsar da mai sauraro. Fi'ilin da ke gabanta ne ke nuna maka wace ce: *have* na gardama, *make* ko *present* na hujja. Haka ma *argue*. *Argue with* wani, gardama ce da shi. *Argue that* kaza, kafa hujja ne cewa kaza. Sau da yawa nakan ga an juya *economists argue that* zuwa "masana tattalin arziki suna gardama cewa", sai mai sauraro ya zaci masanan sun kaure da musu a tsakaninsu, alhali bakinsu ɗaya. Abin da ya dace shi ne "masana na ganin cewa" ko "masana sun kafa hujja da cewa". Lauya ma idan ya *argue* a gaban alƙali, ba musu yake yi da alƙalin ba, hujjojinsa yake gabatarwa.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka fara da Faransanci su ƙara kula a nan. A Faransanci *argument* hujja ce kawai, ita kuma *dispute* ita ce cacar bakin gida da ta titi. Kalmomin iri ɗaya a rubuce, amma Turanci ya raba musu aiki dabam.

*Quarrel* ta fi *argument* shiga jiki. Ana iya yin *argument* da baƙo a mota a kan ƙwallo, a sauka kowa ya manta. *Quarrel* kuwa ta mutanen da ke da alaƙa ce, miji da mata, 'yan uwa, aminai, maƙwabta, kuma tana barin tabo, domin abin da aka faro a kai yakan ɓace ya bar ɓacin rai. Zo mu zauna zo mu saɓa, irin wannan. A Ingila da Amurka yau ta ɗan tsufa a bakin matasa, amma a Turancin Najeriya da Gana tana nan da ƙarfinta. Ba'amurke zai fi cewa *we had a fight*, kuma yawanci ba duka yake nufi ba, faɗan baki ne da matarsa. Mutumin Ingila zai ce *we had a row*. Wannan *row* ana furta ta "rau", ba "ro" ba, wadda ke nufin layi ko tuƙa kwalekwale. Tunda a rediyo kake, ka riƙe wannan da kyau.

Akwai ƙananan da ke ɗauke da raini a cikinsu. *Bicker* ita ce ka-ce-na-ce marar ƙarewa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. *Squabble* tankiyar yara ce a kan abin wasa. Duk ɗan jaridar da ya ce 'yan majalisa suna *squabbling* a kan kujerun kwamiti ya riga ya yanke musu hukuncin yarinta, kuma ya san abin da yake yi. Idan ka juya ta "taƙaddama" ka ɗaga musu darajar da marubucin bai ba su ba, idan kuma kai ne ke rubutu ka yi amfani da ita ga dattawa, ka zage su. *Altercation* kuwa harshen 'yan sanda da kotu ne, hatsaniya mai zafi a bainar jama'a, wadda sau da yawa ake ambata kafin a ce an ji wa wani rauni.

*Debate* muhawara ce, mai ƙa'ida da alƙalin lokaci da masu sauraro, kamar guda bakwai da Abraham Lincoln da Stephen Douglas suka yi a jihar Illinois a 1858, ko wadda ake yi a zauren majalisa kafin a kaɗa ƙuri'a. Wannan ba ta cika ba mai fassara wahala ba.

Inda editoci suka fi sa jan biro

Ina kyautata zaton biyu daga cikin ukun da aka soke maka *dispute* ne. Alamarta ita ce akwai wani takamaiman abu da kowane ɓangare ke cewa nasa ne ko shi ke da gaskiya a kai: gona, iyaka, gado, albashi, kwangila, sakamakon zaɓe. Kuma akwai wanda za a iya kai wa ya raba gardamar, alƙali ko mai unguwa ko kwamitin sulhu. Hausarta taƙaddama ko jayayya. Ba dole a yi fushi ba. Kamfanoni biyu suna iya shekara biyar a kotu a kan *dispute* shugabanninsu suna cin abinci tare.

Ɗauki Bakassi. Najeriya da Kamaru kowacce ta ce yankin nata ne. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague a 1994, kotun ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002 ta ba Kamaru, Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙawa a Agustan 2008. Duk tsawon wannan lokaci sunan abin a Turanci *the Bakassi dispute*, taƙaddamar Bakassi. A cikin shekarun 1990 sojojin ƙasashen biyu sun yi musayar wuta a can, kuma waɗannan ranakun su ne *clashes*. Ka ga al'amari ɗaya ya ɗauki kalma biyu, ɗaya ta da'awar da ke tsaye shekara da shekaru, ɗaya ta abin da ya faru ranar kaza. Haka yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya kai wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba har gwamnati ta kai ƙungiyar Kotun Ma'aikata. A harshen doka *trade dispute* ne ko *industrial dispute*, taƙaddama tsakanin ma'aikata da mai ba su aiki. Wanda ya ce "rikicin ASUU" bai yi ƙarya ba, amma tsohuwar da ke da jika a jami'a tana iya jin "rikici" gabanta ya faɗi. Babi na 6 na kundin da ya kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 ma a kan warware *disputes* cikin lumana yake, ya jero hanyoyin: tattaunawa, bincike, shiga tsakani, sasantawa, hukuncin masu sulhu, da kotu.

Idan *dispute* ta zo a matsayin fi'ili kuwa, ƙin yarda ne da ingancin abu. *He disputed the figures* yana nufin ya ƙalubalanci alƙaluman, ya ce ba daidai ba ne. *Disputed territory* yankin da ake taƙaddama a kai.

*Conflict* ta fi faɗi, ta fi zurfi, ta fi daɗewa. Ita ce ta fi cancantar "rikici", kuma idan da makamai a ciki sai a ce *armed conflict*. Wani masanin sulhu ɗan Ostireliya, John Burton, ya yi wata rarrabewa da nake koya wa ɗalibai domin tana aiki a zahiri. A wurinsa *dispute* a kan abin da za a iya ciniki a kai ne, a raba, kowa ya ɗauki rabonsa. *Conflict* kuwa ta taɓo abin da mutane ba sa sayarwa, kamar tsaron rayukansu da asalinsu da mutuncinsu. Shi ya sa Bature yake cewa *settle a dispute* amma *resolve a conflict*. Manomi ɗaya da makiyayi ɗaya a kan ɓarnar gona ɗaya, a gaban hakimi, a kimanta a biya, *dispute* ne. Idan abin ya zama na shekaru, burtali ya toshe, mashaya ta ƙafe, kowane ɓangare yana ganin ana so a kawar da shi ne daga ƙasar, ya zama *conflict*, kuma biyan kuɗin buhu goma ba zai kashe shi ba. Ba kowane marubuci ne ke bin wannan rarrabewa sau da ƙafa ba, amma za ta shiryar da kai a mafi yawan lokuta.

Sai ka kiyaye, *conflict* tana zuwa a wuraren da babu faɗa sam. *Conflicting reports* rahotanni ne masu cin karo da juna. *Conflict of interest* shi ne a ce jami'in da zai ba da kwangila yana da hannun jari a kamfanin da ke nema, wato amanar da aka ba shi ta ci karo da son ransa. Taro biyu a lokaci ɗaya ma *conflict* ne a jadawalin Ba'amurke. A furuci, idan suna ce ana danna gaɓar farko, idan fi'ili ce ana danna ta biyu.

Tsakanin *conflict* da *war* kuma siyasa ce ke shiga. Yarjeniyoyin Geneva na 1949 sun yi amfani da *armed conflict* da gangan, don dokokin kare fursuna da farar hula su hau kan kowa ko da ba a shelanta yaƙi ba. Gwamnatoci kuma suna gudun kalmar yaƙi. Shugaba Truman ya amince a kira yaƙin Koriya *police action* a 1950. Gwamnatin Gowon ma da wannan sunan ta fara kiran yaƙin basasar Najeriya a Yulin 1967, kafin ya kai Janairun 1970. Shekara talatin na zubar da jini a Ireland ta Arewa, da ya ci rai wajen 3,500 kafin yarjejeniyar 1998, mutanen wurin *the Troubles* suke ce masa. Rasha ta kira shigarta Yukren a 2022 "aikin soja na musamman". Idan ka ci karo da irin wannan, ka faɗi sunan da suka sa, ka ce su ne suka sa, sannan ka gaya wa mai sauraro abin da ke faruwa a ƙasa.

Kalmar da na fi jin tsoro

*Clash* ce. Asalinta kwaikwayon ƙarar ƙarfe ne idan ya haɗu da ƙarfe, kuma ma'anarta karo na ɗan lokaci tsakanin ɓangare biyu, arangama ko artabu. Haɗarinta ta hanya biyu yake zuwa.

Na farko, jaridun Ingila suna son gajerun kalmomi a kanun labarai saboda ƙarancin fili, shi ya sa *clash* da *row* da *rift* da *spat* suka cika su. Idan ka ga an ce firaminista da jagoran adawa sun *clashed* a majalisa, musayar zafafan kalamai suka yi, kowa yana tsaye a wurinsa. A shekarata ta farko a wannan aiki na fassara irin wannan da "sun yi arangama", aka karanta a iska, washegari mutane suna tambaya wa ya ji rauni. Tun daga ranar ban sake juya *clash* ba sai na karanta labarin har ƙarshe na ga ko baki ne ko hannu. Haka *diplomatic row*, tsamin dangantaka ne ko taƙaddamar diflomasiyya, *rift* kuma ɓaraka ce a cikin jam'iyya ko gida, mutanen da a da suke tare.

Na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne dalilin da ya sa na ce kuskure a nan yana cutarwa. *Clash* tana nuna ɓangarori biyu ne suka fuskanci juna, kowa da ƙarfinsa, kuma tana ɓoye wanda ya fara. Idan 'yan bindiga suka dira wa ƙauye da asuba mutane suna barci, suka kashe suka ƙona, wannan *attack* ne, hari, in ya yi muni *massacre*, kisan kiyashi. Duk wanda ya kira shi *clash* ko "arangama" ya raba laifin biyu ya ɗora wa mamatan rabi. Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sandan Afirka ta Kudu suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a Sharpeville, suka kashe 69 bisa ƙidayar hukuma, da yawansu a baya aka harbe su suna gudu. Tarihi *massacre* ya kira shi, kuma da an bar shi a *clash* da an zalunce su sau biyu. A labaran yankinmu wannan yana faruwa kullum, ana cewa *communal clash* ko *farmer-herder clash* tun kafin a san abin da ya auku. Wani lokaci da gaske arangamar ce. Wani lokaci hari ne aka kai wa rugar Fulani, wani lokaci hari ne aka kai wa ƙauyen manoma, kuma iyalan waɗanda aka kashe suna sauraron rediyonka. Idan labarin da ke hannunka ya ce *clash* amma bayanin cikinsa ya nuna ɓangare ɗaya ne kawai ke da makami, ka kai wa edita ka nuna masa kafin a karanta.

Sauran ba su da wuya. *Feud* daɗaɗɗiyar gaba ce, irin wadda ake gada, kamar ta iyalan Hatfield da McCoy a iyakar jihohin West Virginia da Kentucky a ƙarshen ƙarni na 19, ko da yake yau ana faɗinta ga mawaƙa biyu ko 'yan siyasa biyu da suka daɗe ba sa ga maciji. *Controversy* ce-ce-ku-ce ne na jama'a a kan wani mataki ko furuci, kamar wanda ya biyo bayan cire rubutun ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, da kuma daga sabuwar naira 100 a 2014. *Riot* tarzoma. *Crisis* kuwa sai an yi hattara, domin a Turancin Najeriya mun mai da ita tashin hankalin gari, muna cewa *Jos crisis*, amma a sauran duniya mawuyacin hali ne da ya kai gaɓar yanke shawara. Abin da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet a kan makaman Kyuba a Oktoban 1962, kwana 13 duniya tana riƙe da numfashi, *crisis* ne, kuma ba a kai ga yaƙi ba.

Idan kai ne mai rubuta Turancin

A nan Hausarmu ce ke yi mana shigo-shigo ba zurfi, musamman kalmar "faɗa". Muna cewa "sun yi faɗa", muna kuma cewa "Baba ya yi mini faɗa", kuma abu biyu ne mabambanta. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta *my father fought me* ko *my father quarrelled me*, mai karatu daga waje ya zaci uba da ɗa sun ba hammata iska. Faɗan da babba ke yi wa ƙarami *scold* ne ko *tell off*, a ofis kuma *reprimand*. Haka "musu": idan gardama ce *argue*, idan mutum ya musa zargi *deny*. "Gaba" kuma, abin da muke cewa *keeping malice* a Najeriya, Baturen Ingila ba zai gane ba, shi *not on speaking terms* yake cewa, ko *they have fallen out*.

Ƙananan kalmomin da ke bin su ma ka haddace su tare da su, kamar yadda ake haddace aya da wasalinta. Ana *disagree with*, *argue with*, *quarrel with*, *clash with* mutum, *about* ko *over* abu. Amma *dispute* da *debate* da *discuss* a matsayin fi'ili kai tsaye suke hawa kan abin, ba sa son *about*.

Ni dai idan na tsaya a kan jimla, tambayoyin da nake yi wa abin da ya faru su ne: a zuci yake, ko ya fito baki, ko ya kai hannu? Su wane ne, kuma mene ne tsakaninsu? Akwai wani abu da ake ja a kai wanda alƙali zai iya rabawa? Na yini ɗaya ne ko na shekaru? Kuma ɓangarorin biyu ne suka yi, ko ɗaya ne aka yi wa? In ka amsa waɗannan da Hausa, kalmar Turancin takan zo da kanta.

Sai dai in gaya maka gaskiya, iyakokin nan ba katanga ba ne. Turawan kansu suna cakuɗa *argument* da *quarrel* da *row* a hira, kuma editoci biyu ƙwararru suna iya saɓawa a kan ko wani abu *dispute* ne ko *conflict*. Abin da na ba ka na ɗakin labarai ne da aji. Ranar da aka kawo maka takardar kwangila ko ta kotu, inda doka ta ba kalma ma'ana ta musamman, ka zauna da lauya ku bi ta tare.

Yanzu ka nemo labarin nan na shekaranjiya da Turancinsa na asali, ka ja layi a ƙarƙashin kalmomi ukun da ka mai da "rikici", ka yi wa kowace waɗancan tambayoyin. Sannan ka samu littafi ƙarami, duk lokacin da ka ga ɗaya daga cikinsu a jarida ka kwafe jimlar gaba ɗaya, ba kalmar kaɗai ba, ka rubuta Hausar da ka ba ta a gefe. Bayan wata uku ka kai wa editanka ya duba maka a lokacin da ba ya cikin sauri. Ka gaishe shi.